Ido a Gaba, Yatsu a Baya: Yadda Ake Kaɗa Kiɗan da Kunne Bai Taɓa Ji Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti ya ga 'yan badujala. In ka lura da kyau, za ka ga wasu daga cikin masu busa da 'yar takarda maƙale a jikin abin busarsu, suna tafiya suna satar kallonta. Da yawanmu mun ɗauka sunayen waƙoƙi ne aka jera musu don kada su manta. Ba haka ba ne. Kiɗan ne kansa a rubuce: kowane sauti, da tsawonsa, da ƙarfinsa, har da inda za a yi shiru.

To, tunda ana rubuta kiɗa, ga tambaya. Za a iya miƙa wa mutum takardar kiɗan da bai taɓa ji ba, bai taɓa gani ba, a ce masa bismilla, ya kaɗa shi nan take? Ana iyawa. Mutanen Italiya suna ce wa wannan "prima vista", wato gani na farko. Mu a nan bari mu kira shi karatun ba-zata, tunda dai babu ɗalibin da bai san zafin jarrabawar ba-zata ba.

Kuma ba wasa ba ne. A manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai da Amurka, cikin gwajin ɗaukar aiki akan ajiye wa mai nema shafin da bai sani ba, a ce kaɗa. Masu kiɗan fina-finai a Landan sukan ga takarda da safe, kafin azahar an naɗi sautin. Abincin mutum na iya rataya a kan wannan fasaha. Abin da za mu duba a nan shi ne inda ta fi tsanani: kiɗe-kiɗen gogen Turawa, wato bayolin, waɗanda aka tsara wa mutum ɗaya tilo, masu azabar wuya, waɗanda kuma ba kowa ya san da su ba.

Gogenmu da nasu

Gogen da muka sani tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, a kan ƙwaryar da aka rufe da fatar guza. Mai koyo yakan zauna gaban ubangidansa shekara da shekaru, yana ji yana kwaikwayo, har kiɗan ya zauna masa a ka. Bayolin ɗan'uwansa ne ta wajen yadda ake fitar da sauti, don shi ma sanda mai gashin doki ake goga wa tsirkiya. Sai dai shi jikinsa katako ne, tsirkiyarsa huɗu, ana saƙala shi tsakanin haɓa da kafaɗa. Babban bambancin kuwa shi ne, yawancin kiɗansa a takarda aka gaje shi.

Rubutun ba wani sihiri ba ne. Layuka biyar ne a kwance, ana ɗora ɗigo a kansu ko a tsakaninsu. In ɗigo ya yi sama, sautin siriri ne. In ya yi ƙasa, mai kauri ne. Siffar ɗigon kuma, ko baƙi ne ko fari, ko yana da jela ko babu, ita ke faɗin tsawon lokacin da za a riƙe shi.

Wanda ya kafa harsashin wannan tsari wani malamin coci ne a Italiya, Guido na garin Arezzo, wajen shekarar 1025. Damuwarsa ita ce yara suna kwashe kimanin shekara 10 suna haddar waƙoƙin coci ta ka. Da ya ɗora sautuka a kan layuka, sai ya ce ya rage wannan zuwa shekara ɗaya ko biyu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa Fafaroma ya kira shi Roma, ya duba littafin, bai tashi ba sai da ya rera baitin da bai taɓa ji ba. Ka ga ke nan tun asali don karatun ba-zata aka ƙirƙiro rubutun. A nan kam, gani ya kori ji.

Bari mu yi lissafi

Tunda mu 'yan kimiyya da fasaha ne, mu sa lambobi. Ɗauki kiɗa mai matsakaicin sauri, bugu 120 a minti ɗaya, kowane bugu da sauti huɗu. Sauti takwas ke nan a sakan guda, kowanne ya samu sakan 0.125. Shi kuwa ɗan Adam, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da hannunsa ya motsa, yana cin kimanin sakan 0.25. Wato in mai kiɗa zai ga ɗigo, ya gane shi, sannan ya danna, kafin ya gama da na farko na uku ya iso. A lissafi, abin ba zai yiwu ba.

Ƙari a kan haka, ido ba ya tafiya sumul a kan layi kamar yadda muke zato. Tsalle yake yi, ya tsaya na ɗan lokaci, ya sake tsalle. Wurin da yake gani tar-tar a kowace tsayawa bai fi faɗin babban yatsanka ba in ka miƙe hannu.

To yaya suke yi? Abu biyu ne.

Na farko, ido yana gaba da hannu. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, John Sloboda, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Yakan sa makaɗi ya fara karanta kiɗa, ana cikin tafiya sai a ɗauke rubutun ba sanarwa, a ƙirga sautuka nawa zai ci gaba da kaɗawa daidai. Gwanaye sun kai kusan bakwai, masu rauni kusan huɗu. Ya kuma lura cewa tazarar gwani ba a tsaye take ba, takan miƙe ko ta tsuke don ta dace da ƙarshen jimlar kiɗan. Ma'ana, gwani jimla yake karantawa.

Wannan ne ya kai mu ga na biyu. Kai da kake karanta wannan shafi, ba ka tsaya kana haɗa baƙi da wasali ba. Ka ga "assalamu", ka riga ka san abin da ke biye. Haka makaɗi. Ya kwashe shekaru yana hawa da saukar tsanin sauti, yana maimaita salon da masu tsara kiɗa suka saba amfani da shi, har ya zama in ya ga ɗigo takwas a jere suna hawa, abu ɗaya ya gani, hannunsa kuma ya san hanyar.

Akwai labarin da ke nuna ƙarfin wannan sabo, da kuma haɗarinsa. Boris Goldovsky, malamin kiɗa a Amurka, yana sauraron wata ɗalibarsa mai raunin karatu tana kaɗa wani kiɗan fiyano na Brahms, sai ya ji ta buga sautin da bai dace ba. Ya ce ta gyara. Ta nuna masa cewa abin da aka buga a littafi ta kaɗa. Ashe kuskuren ɗab'i ne, an manta wata 'yar alama, kuma ya daɗe yana yawo a bugu daban-daban. Gwanaye ba su taɓa ganinsa ba, don kansu yana gyara musu tun kafin ido ya kai ƙara. Da ya gaya wa ƙwararru cewa akwai kuskure a kiɗan, su nemo, sun yi ta kaɗawa ba su gano ba sai da aka nuna musu wurin. Gwani rabi yake karantawa, rabi hasashe ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya sa bayolin ya fi ba da wuya

Mai fiyano ya ga ɗigo, maɓalli ɗaya ne tak ke ba da wannan sauti, kuma in ya danna daidai zai fito. Mai jita yana da ƙarafa a jikin wuyan jitarsa da ke raba masa matakai. Mai bayolin ba shi da ko ɗaya. Wuyan sumul yake, kamar na gogenmu.

Ga lissafinsa. Tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa kimanin santimita 33 ne. Duk mataki ɗaya da za a hau, sai an rage tsawon da kusan kashi 5.6 cikin 100. A farkon wuya, tazarar mataki ɗaya wajen milimita 18 ce. Da ka kai tsakiyar tsirkiya ta koma tara. In ka ƙara hawa zuwa inda saura kashi ɗaya cikin huɗu, ba ta kai milimita biyar ba, alhali kan yatsan mutum ya fi santimita ɗaya faɗi. A can sai dai yatsa ya ɗaga wa ɗan'uwansa wuri. Kuskuren milimita ɗaya kunne zai ji shi.

Sannan ga matsalar zaɓi. Sautin da tsirkiya mafi siranta ke bayarwa in ba a danna ta ba, ana iya samunsa a kan sauran ukun ma, a wurare daban-daban. Sauti ɗaya, gida huɗu. Wanne za ka zaɓa? Amsar tana ga abin da ke tafe. In ka zaɓi gidan da ya fi kusa, sai bayan sauti biyar ka tarar yatsunka sun ƙare, kamar direban da ya bi layin da bai sani ba ya tarar da bango. Hannun dama ma yana da nasa lissafin: sanda tana da iyaka, dole a san ko sama za ta tafi ko ƙasa, da ko za ta isa.

Ga kuma jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin. Samansa a lanƙwashe yake, don haka sanda ba ta kama fiye da tsirkiya biyu cikin sauƙi, uku sai da ƙarfi, huɗu kuwa sai an karya su biyu-biyu. Amma mai tsara kiɗan mutum ɗaya yana son a ji kamar mutum biyu ko uku ke kiɗa, don haka sai ya jibga ɗigo uku ko huɗu a kan juna. Dole mai karatu ya ga tulin nan, ya raba wa yatsu huɗu aiki, ya kuma gane wace murya ce jagora.

Abu na ƙarshe, ba ɗan amshi. Cikin ƙungiya, in ka ɓace, na kusa da kai yana tafiya, sai ka lallaɓa ka shige. In kai kaɗai ne, ka tsaya, kiɗa ya tsaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Don me sai waɗanda ba a sani ba?

Duk ɗalibin bayolin da ya yi nisa ya san kiɗe-kiɗe shida na mutum ɗaya da Bach ya rubuta a 1720, ya kuma san kapris 24 na Paganini da aka buga a Milan a 1820. Ko bai taɓa kaɗa su ba, ya ji su sau ɗari. In ka ajiye masa su, kunnensa ne ke jan ragama, idon tuni kawai yake yi masa. Wannan ba karatun ba-zata ba ne, kamar a ba ka takardar jarrabawar bara ne bayan ka ga amsoshi. Sai an kawo abin da kunne bai sani ba sannan a san na ƙwarai.

Shi kansa Paganini, wanda aka haifa a Jenowa a 1782, da irin wannan ya fara suna. Kamar yadda ya bayar, bai wuce shekara 13 ba mahaifinsa ya kai shi Parma wajen babban malami Alessandro Rolla. Suka tarar malam yana kwance ba lafiya. Suna jira a ɗakin waje sai yaron ya ga bayolin da sabon kiɗan da Rolla ya rubuta a kan tebur, ya ɗauka ya kaɗa shi nan take. Malam daga ciki ya tambayi wane ƙwararre ne wannan, da aka ce yaro ne sai ya ce ba shi da abin da zai koya masa.

To amma akwai takardun da ko irin su Paganini sai sun ja birki. Kowacce da irin tarkonta. Ga huɗu.

Tarko na farko, a sauya maka layuka. Johann Paul von Westhoff makaɗi ne a fadar Dresden ta Jamus. A 1696, shekara 24 kafin Bach, ya buga kiɗe-kiɗe shida na bayolin tilo. Maimakon layi biyar, a kan layi takwas ya rubuta su, don muryoyin su fito a sarari. Ga wanda ya yi shekara 20 idonsa na auna tazara a kan layi biyar, wannan kamar a juya maka haruffan madannin kwamfuta ne. Ka iya bugu, amma duk inda yatsa ya saba zuwa ba nan ba ne.

Tarko na biyu, a sauya maka ɗaurin tsirkiya. Heinrich Biber, wanda ya yi aiki a Salzburg ta Ostiriya, ya tsara sonata 15 a wajen shekarun 1670, na bayolin da masu raka shi, ya rufe da kiɗa ɗaya na bayolin tilo. A cikin 14 daga sonatocin, sai an sake ɗaure tsirkiyoyin, wata a ƙara mata tauri wata a sassauta, kuma kowace sonata da nata ɗaurin. A ta 11 har musanya tsirkiyoyin tsakiya biyu ake yi, su gitta juna. Abin da ke rikita mai karatu shi ne, rubutun yana nuna inda za ka sa yatsa ne kamar ba a taɓa ɗaurin ba, sautin da zai fito kuwa daban. Ido ya ce kiɗa zai sauka, kunne ya ji ya hau. Gwani da ya saba jin kiɗa a ransa kafin ya kaɗa, a nan wannan baiwar ce ke yi masa ƙafar ungulu. Dole ya toshe kunnen zuci ya bi takarda kamar makaho da ɗan jagora.

Tarko na uku, a nemi abin da hannu ba ya yi sai da shiri. Tun a 1733 Pietro Locatelli ya buga wani kundi a Amstadam mai ɗauke da kapris 24 da ke kai hannu can ƙurya, inda muka ce mataki bai kai milimita biyar ba. Amma sarkin wannan fage shi ne Heinrich Wilhelm Ernst, haifaffen Brno a 1812. Yana saurayi ya riƙa bin Paganini gari-gari, har yakan kama ɗaki kusa da nasa don ya ji yadda yake atisaye, ya kuma kaɗa kiɗan Paganini da ba a buga ba, daga ji kawai. A 1854 ya ɗauki wata waƙar Schubert mai suna Erlkönig, labarin uban da ke sukuwa cikin dare rungume da ɗansa, sarkin aljanu yana kiran yaron. A asali mawaƙi ɗaya ne ke yin muryoyi huɗu, mai ba da labari da uba da ɗa da aljani, fiyano kuma yana yin sukuwar doki. Ernst ya tattara duka ya ɗora wa bayolin ɗaya. Sukuwar ba ta tsayawa, waƙar tana tafiya a samanta ko a ƙarƙashinta, muryar aljanin kuma takan fito da wani siririn sauti mai kama da fito, wanda ake samu in an ɗora yatsa a kan tsirkiya ba a danna ba. A wani kiɗan nasa, na ƙarshe cikin darussa shida masu muryoyi da yawa, akwai inda sanda ke zarya a kan tsirkiya huɗu, yatsun hagu kuma, waɗanda ke danna tsirkiyoyin, su ne dai ke fizgo waƙar kamar mai gurmi. A nan ido na iya gane komai, hannu ya ce shi bai san zancen ba. Irin wannan wuri hanya ɗaya ce tak yatsu za su bi, kuma ba a gano ta cikin sakan 0.125.

Tarko na huɗu, a ɗauke maka hasashe. Ka tuna mun ce gwani rabi hasashe yake yi? A 1973 masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, sun nuna wa 'yan wasan ches, darar Turawa, allon wasa na sakan biyar, suka ce su sake jera shi. In jerin daga wasa na gaske ne, gwani yakan yi wa ɗan koyo fintinkau. In kuwa an watsa 'ya'yan ne barkatai, kusan duk ɗaya suke. To haka John Cage, ɗan Amurka, ya yi wa masu bayolin. A 1977 ya fara tsara darussa 32 da ake kira Freeman Etudes. Da taswirar taurari da jefa ƙuri'a ya zaɓi sautukan, kuma kusan kowane sauti da nasa ƙarfin da nasa salon gogawa, ba ruwansa da na kusa da shi. Ba tsani, ba jimla, ba abin da ya taɓa wucewa ta hannunka. Paul Zukofsky, makaɗin da aka fara aikin dominsa, ya ce wasu wuraren ba za su kaɗu ba, Cage ya ajiye aikin a 1980. Sai da ya ji yadda Irvine Arditti ɗan Birtaniya ya kaɗa 16 na farko sannan ya koma kai, ya kammala a 1990. A gaban irin wannan shafi, gwani da ɗan koyo duk ɗigo-ɗigo suke bi. A nan karatun ba-zata ya zo iyakarsa.

Yadda gwanaye ke tunkarar shafi

A jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, rabin minti ake ba ɗalibi ya duba kafin ya fara. Gwani ba ya ɓata wannan lokaci a kan layin farko. Yakan duba alamomin da ke bakin layi, masu nuna wane sauti aka ɗaga wane aka sauke, ya duba yadda aka raba bugu, sannan idonsa ya zarce wurin da shafin ya fi baƙi, inda ɗigo suka cunkushe. Daga wannan wuri yake zaɓar saurin da zai fara da shi. Wanda ya fara da gudu don farkon da sauƙi, zai ci zomo ya ci gudu a tsakiya.

Da an fara, doka ta farko ita ce ba a komawa baya. Ka yi kuskure, ya wuce, bar shi. Sautin da ya kauce sau ɗaya aka yi asara, amma wanda ya tsaya gyara ya rasa bugu, ya rasa tazarar da idonsa ya tara a gaba, ya kuma jawo kuskure uku a jere. Doka ta biyu, in kaya sun yi yawa a san abin da za a zubar. Tulin ɗigo huɗu ya zo ba shiri, sai a kama na sama da na ƙasa a bar na tsakiya, waƙar dai ta ci gaba. Doka ta uku, ido ba ya sauka kan yatsu. Hannu ya san wuyan bayolin kamar yadda ka san hanyar ɗakinka in an ɗauke wuta.

Yadda ake samun wannan kuwa ba ɓoyayye ba ne: kullum a karanta sabon abu, wanda bai kai ƙarfin mutum ba, a kaɗa sau ɗaya ko biyu a wuce. Wanda ya yi wata shida yana goge kiɗa ɗaya zai iya shi kamar me, amma karatunsa na nan inda ya bar shi. Hadda daban, karatu daban, kuma mun san wannan a namu fagen.

A faɗi gaskiya kuma, ba wanda ke kaɗa Ernst a gani na farko yadda za a sayi tikiti a saurara. Abin da gwani ke samu shi ne zanen gini: ya ji inda kiɗan ya dosa, ya san inda wuyar take, ya yanke shawarar ko ya cancanci wata uku na ransa.

Abin da ke rataye a wuyan mai karatu

Wannan shawarar ita ce inda gizo ke saƙa. Kiɗan da ke takarda ba shi da murya sai wani ya karanta shi. Na Bach sun yi shekara 82 kafin a buga su a 1802. Sonatocin Biber suna nan a rubutun hannu guda ɗaya, wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Munik, ba a buga su ba sai 1905. Na Westhoff sun ɓace gaba ɗaya, sai a farkon shekarun 1970 wani masani, Péter Várnai, ya gano kwafinsu a garin Szeged na ƙasar Hungari. Eugène Ysaÿe ɗan Beljiyam ya tsara sonata shida na bayolin tilo a 1923, kowa ya san su. Ashe akwai wata da bai ƙarasa ba a cikin littafin zayyanarsa, ta yi sama da shekara 90 a kwance kafin makaɗi Philippe Graffin ya ci karo da ita a ɗakin karatun makarantar kiɗa ta Brussels. Max Reger na Jamus shi kaɗai ya bar sonata 11 na bayolin tilo, kaɗan ne ake ji a dandali.

Yau samun takardun ba wuya. Tun 2006 akwai rumbun IMSLP a intanet, inda ake sauke dubban tsofaffin kiɗe-kiɗe kyauta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai buɗe su. Ka ɗauka makaɗi ya sauke wani kiɗa da ba wanda ya naɗa, ba inda zai je ya ji. Minti goma zai ba shi. In karatunsa mai rauni ne, abin da zai fito daga bayolin ɗinsa kame-kame ne, sai ya ce kiɗan ne ba daɗi, ya rufe, a sake shekara 50. In kuwa idonsa na gaba da yatsunsa, ko da ya zubar da rabin sautukan zai ji abin da marubucin ya nufa, wataƙila ya sa shi a wasansa na gaba, wani ya ji ya nema. Mutumin da ya mutu shekara 300 da suka wuce, shari'arsa tana hannun wannan minti goma.

In data ta samu, ga abin gwadawa. Nemi Erlkönig na Ernst a YouTube, irin wanda ake nuna takardar tana tafiya tare da sautin. Ba sai ka iya karatun ba. Sa yatsa a kan allon waya ka bi ɗigon, ka ga ko za ka kai layi na uku ba ka ɓace ba. Sannan ka tuna cewa kai bi kawai kake yi, wani kuwa shi ke fitar da sautin, da yatsu huɗu da sanda ɗaya.